Yadda Za Ka Yi Hutun Ƙarshen Mako a Ƙasar Maƙwabta Idan Kana Zaune a Jamus

'Yan'uwa da ke karatu ko aiki a Jamus suna yawan yi min tambaya iri ɗaya: shin mutum zai iya tashi ranar Juma'a ya shiga Holan ko Beljiyam ko Faransa, ya dawo Lahadi ba tare da ya nemi wata biza ba? Ga mafi yawanmu amsar ita ce e, zai iya. Jamus tana da iyaka da ƙasashe tara: Denmak, Folan, Jamhuriyar Cek, Ostiriya, Suwizalan, Faransa, Lukzambur, Beljiyam da Holan, kuma dukkansu suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka yarda a riƙa zirga-zirga a tsakaninsu ba tare da binciken iyaka na yau da kullum ba. Kusan kamar yadda ɗan Katsina ke bi ta Jibiya ya shiga Maraɗi ya kwana biyu ya dawo ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne ganin mutum ya shekara uku a gari ɗaya, daga ɗaki sai aji sai wurin aiki, tsoro ya hana shi leƙa ƙasar da ba ta fi tafiyar awa biyu ba. Wani kuma ya fita da ganganci, takardarsa ba ta ba shi damar dawowa ba. Zan yi misali da mai tashi daga yankin Kolon ko Bon zuwa Amstadam, amma matakan ɗaya ne ko daga Munik kake nufin Salzburg, ko daga Balin kake nufin Folan.

1. Fara da takardar da ke hannunka

Kada ka buɗe manhajar sayen tikiti sai ka gama da wannan matakin. Ɗauko fasfonka da katin zamanka ka ajiye su a gabanka.

Idan kana da katin izinin zama, wanda ake kira Aufenthaltstitel, kuma bai ƙare ba, doka ta ba ka damar shiga sauran ƙasashen Shengen ka yi kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Haka ma wanda bai karɓi katin ba tukuna amma bizarsa ta dogon zama, mai harafin D, tana da sauran kwanaki. Ziyara ce kawai aka yarje maka, ban da aiki.

Katin shi kaɗai ba ya tsallake iyaka. Dole ka haɗa shi da fasfo, na asali, ba kwafi ba, ba kuma hoton da ke cikin waya ba. Wannan shi ne kuskuren da aka fi yi, domin a cikin Jamus an saba yawo da katin kawai a walat, fasfo yana can ƙarƙashin akwati. Idan an ba ka 'yar koriyar takardar nan da ake haɗawa da katin, wato Zusatzblatt, ita ma ka sa ta a ciki. Wanda ya sabunta fasfo kwanan nan ya lura: lambar tsohon fasfon ce a jikin katinsa. In ofishin baƙi bai riga ya sauya maka katin ba, ka tafi da fasfo biyun, tsoho da sabo.

Inda ake samun matsala shi ne lokacin da katin ya ƙare kana jiran sabo. A nan ofishin baƙi kan ba da takardar wucin gadi mai suna Fiktionsbescheinigung. Buɗe ta ka duba akwatin da aka yi wa alama. In sashe na 81 sakin layi na 4 na dokar zaman baƙi ne, za ka iya fita ka dawo muddin kwanakinta ba su ƙare ba kuma fasfonka yana aiki. Ka riƙe tsohon katin tare da ita. In kuwa sakin layi na 3 ne, zamanka a Jamus halal ne amma takardar ba ta ba ka damar dawowa idan ka fita. Saƙon imel da ke cewa an karɓi buƙatarka, ko takardar ranar ganawa da ofishin, ba takardun tafiya ba ne, ko da sun ishe ka a cikin gida.

Gargaɗi mai nauyi: wanda ke jiran hukuncin neman mafaka, mai riƙe da Aufenthaltsgestattung, da wanda ke da Duldung, wato takardar dakatar da mayar da mutum ƙasarsu, kada su gwada wannan tafiyar. Duldung tana mutuwa ne daga lokacin da mutum ya taka wajen Jamus. Kada wani ya ruɗe ka da cewa shi ya je ya dawo ba wanda ya tambaye shi. Sa'a ya yi, kuma abin da za ka rasa in taka sa'ar ba ta zo ba ya fi Amstadam da duk abin da ke cikinta.

Sannan ba kowace ƙasar Turai ce Shengen ba. Birtaniya da Ailan da Sayifurus ba sa ciki. Katin zamanka na Jamus ba zai kai ka Landan ba. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana sai ya nemi bizar Birtaniya daban. Mai tafiya da yara kuma, kowane yaro da fasfonsa da takardar zamansa, har jariri.

2. Zaɓi garin da kwana biyu za su isa

Ƙa'idata ita ce kada tafiyar ta wuce awa huɗu a zuwa. Daga Kolon, jirgin ƙasa mai sauri na kai mutum Brussels cikin ƙasa da awa biyu, Amstadam cikin ƙasa da awa uku in babu aiki a hanya, Paris kuma awa uku da 'yan mintuna. Gari ɗaya ya isa. Masu son haɗa Brussels da Paris da Amstadam a kwana biyu, tasha kawai suke gani.

Duba kalanda kafin ka tsayar da rana. Ranar 27 ga Afrilu Holan na bikin ranar Sarki, Amstadam takan cika maƙil, kuɗin masauki ya yi tashin gwauron zabi. Daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu lokacin furannin lambun Keukenhof ne, shi ma akwai cunkoso. A Disamba rana na faɗuwa tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, ka ga yinin ya gajarce. A Yuni kuwa har kusan goma na dare da sauran haske.

Mai ƙaramin ƙarfi ya duba Lukzambur. Tun shekarar 2020 shiga bas da taram da jirgin ƙasa a aji na biyu kyauta ne a duk faɗin ƙasar, ga ɗan ƙasa da baƙo.

3. Yanki tikiti, zuwa da dawowa

Hanyoyi huɗu ne, kowace da inda take ciwo.

Ta farko jirgin ƙasa mai sauri na Jamus, ICE, ta manhajar kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, DB Navigator. Farashi kala uku za ka gani. Super Sparpreis Europa shi ne mafi araha, yakan fara daga wajen Yuro 20 in ka saya da wuri, amma ba a mayar da kuɗinsa kuma ya ɗaure ka da jirgi ɗaya tak: in ka makara da laifinka, tikitin ya tafi. Sparpreis ya ɗan fi tsada, ana iya soke shi kafin ranar tafiya a cire wani abu a ba ka takardar saye madadin kuɗin. Flexpreis kuwa kana iya hawa kowane jirgi a ranar, amma kuɗinsa na iya ninka na farko sau biyu ko uku. Farashin yana hawa ne yayin da kujeru ke ƙarewa, kuma yammacin Juma'a da yammacin Lahadi su ne suka fi tsada. Saya mako uku ko huɗu kafin tafiya. In aikinka ya bari, jirgin sassafen Asabar yakan fi na daren Juma'a sauƙi, kuma ya rage maka kuɗin kwana ɗaya a masauki.

Ka biya 'yan Yuro ka kama kujera. Tikiti a Jamus ba ya nufin kana da wurin zama, kuma tsayuwar awa biyu da rabi a bakin ƙofar banɗaki ba hutu ba ce. A 'yan shekarun nan akan wajabta kama kujera a watannin bazara a jiragen da ke tsallake iyaka, manhajar za ta nuna maka. Jirgin Eurostar mai zuwa Paris, wanda a da ake kira Thalys, shi dama kowane tikiti da kujerarsa.

Gargaɗi: in tafiyarka tana da sauyin jirgi, saye ta gaba ɗaya a tikiti guda, daga tashar garinku har inda za ka. Idan jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, kana da haƙƙin hawa na gaba ba tare da ƙarin kuɗi ba. Amma in ka yanki tikiti biyu daban-daban don ka rage Yuro biyar, asarar a wuyanka take. Kuma jinkiri a jiragen Jamus ba baƙon abu ba ne. Kada ka yarda da sauyin da ya ba ka minti shida.

Ta biyu ita ce ta masu Deutschlandticket, tikitin wata-wata da aka fara a Mayun 2023 a kan Yuro 49, ya koma 58 a 2025, sannan 63 a 2026. Ɗalibai da yawa suna da irinsa ta jami'a. Ba ya aiki a jiragen dogon zango, ICE ko IC, sai jiragen yanki masu RE da RB, amma yana kai mutum wasu tashoshin da ke tsallaken iyaka: Venlo da Enschede a Holan, Salzburg da Kufstein a Ostiriya, da Basel Badischer Bahnhof a Suwizalan. Dabarar ita ce ka hau jirgin yanki har Venlo ba ka ƙara ko sisi ba, daga nan ka sayi tikitin kamfanin jiragen Holan, NS, zuwa Amstadam. Za ka ƙara awa ɗaya ko fiye a hanya. Abin lura: daga tashar da tikitinka ya tsaya, ko tasha ɗaya ka ƙara ba tare da sabon tikiti ba, tara ce. Kuma ba kowace iyaka ce haka ba. Ta ɓangaren Aachen zuwa Liège sai ka sayi ƙarin tikiti.

Ta uku bas, galibi FlixBus. Ita ce mafi araha in tafiyar ta zo maka ba shiri. Sai dai ka karanta sunan tashar da kyau. A Kolon manyan motocin nan ba sa tashi daga tsakiyar gari, sai filin jirgin sama na Kolon/Bon ko Leverkusen, a Amstadam kuma Sloterdijk suke sauke mutane, daga nan sai ka ƙara jirgi zuwa cikin gari. Lissafa wannan kuɗin da lokacin. Direba yakan duba fasfo kafin ka hau, kuma bas ce aka fi tsayarwa a iyaka.

Ta huɗu mota, taka ko ta haya. Ku huɗu in kun haɗa kuɗin mai, da sauƙi. Amma lasisin tuƙi na gida wata shida kawai yake aiki bayan ka yi rajistar zama a Jamus. Ostiriya da Suwizalan sai da takardar kuɗin babbar hanya. Ta Suwizalan faran 40 ce, ta shekara guda, ko kwana ɗaya za ka yi. Brussels tana buƙatar a yi wa motar waje rajista ta intanet kafin ta shiga gari saboda dokar hayaƙi. A manyan hanyoyin Holan kuma da rana gudun kilomita 100 ne a mafi yawan wurare, kyamara ba ta san kai baƙo ne ba, takardar tara za ta same ka har gida.

Jirgin sama ban ba da shawararsa ba ga tafiya irin wannan. Zuwa filin jirgi da layin bincike za su cinye awannin da ka zaci ka rage.

4. Kama masauki

Amstadam na cikin garuruwa mafi tsadar kwana a Turai, kuma tun 2024 harajin baƙi a can kashi 12.5 cikin ɗari ne na kuɗin ɗaki. Wani lokaci ba ya cikin farashin da ka gani da farko, sai ka je biya. Ka gangara har ƙasan shafin ka ga jimillar kafin ka danna.

Ba dole sai ka kwana a tsakiyar gari ba. Haarlem da Zaandam ba su fi tafiyar kwata ɗin awa a jirgi ba, Utrecht kuma kusan rabin awa, kuma ita kanta gari ce da ta cancanci a yi yini a cikinta. Nemi wurin da ke kusa da tasha, ka haɗa kuɗin jirgin zuwa da dawowa a lissafin, sannan ka kwatanta.

Masaukin haɗaka, inda ake kwana mutum shida ko takwas a ɗaki, shi ne na ɗalibi. Yawancinsu maza da mata a haɗe suke sai in ka zaɓi akasin haka. 'Yar'uwa, ki nemi ɗakin mata zalla tun wurin kamawa, kada ki bari sai kin isa. Ka tafi da ɗan kwado don akwatin ajiya, da silifas na wanka. Ka kuma sani cewa sallar asuba a ɗakin mutum takwas da fitila a kashe tana buƙatar dabara. In ku biyu ne ko uku, ƙaramin ɗaki a otal mai sauƙi da za ku raba kuɗinsa sau da yawa bai fi gadajen haɗakar tsada ba, ga sirri.

Zaɓi wanda ake iya sokewa kyauta, ko da ya ɗara da kaɗan. Ka duba lokacin karɓar baƙi: galibi daga ƙarfe uku na rana ake ba da ɗaki, a fita kafin goma sha ɗaya na safe. In jirginka zai isa bayan goma na dare, rubuta musu tun da wuri, domin ƙananan wurare sukan rufe teburin karɓar baƙi. In kuma wurin ɗan'uwa za ka sauka, sanar da shi da mako guda, ka karɓi cikakken adireshi a rubuce. Ɗakunan Turai ƙanana ne, kuma shi ma yana da aiki ranar Litinin.

Gargaɗi: duk wanda ya tallata ɗaki a Facebook ko WhatsApp ya ce ka tura kuɗi kafin ka gani, bar shi.

5. Kuɗi, waya da inshora

Holan, Beljiyam, Faransa, Lukzambur da Ostiriya duk Yuro suke ci. Suwizalan faran, Denmak kurona, Folan zuloti, Cek koruna. A waɗannan huɗun, idan na'urar biya ko ta cire kuɗi ta tambaye ka ko a cire da Yuro ko da kuɗin ƙasar, zaɓi kuɗin ƙasar. Canjin da na'urar ke yi maka da kanta ya fi na bankinka tsada.

A Holan kati ne sarki. Bas da taram na Amstadam ba sa karɓar tsabar kuɗi, shaguna da yawa ma haka. Duba katinka: in girocard ne kawai, wato katin bankin cikin Jamus, babu alamar Visa, Mastercard, Maestro ko V Pay a jiki, ba zai yi aiki a wajen Jamus ba. Tafi da kati biyu, ka raba musu wuri, da tsabar kuɗi kamar Yuro 50 don kasuwa da banɗakin tasha.

Ga ƙiyasina na mutum ɗaya mai tsimi, kwana biyu: tikitin zuwa da dawowa da aka saya da wuri, Yuro 40 zuwa 80, abinci da zirga-zirgar cikin gari, kamar 40 a rana, gidan tarihi ɗaya, sama da 20. Masauki shi ne babban kaso, kuma shi ne ke sauyawa da lokaci, don haka fara da shi. Duk abin da lissafinka ya ba ka, ɗora 50 a kai.

Tun Yunin 2017 layin wayar Jamus yana aiki a sauran ƙasashen Tarayyar Turai a kan farashin gida. Suwizalan ba ta cikin wannan tsarin. Mutum na iya shiga Basel wayarsa ta kama layin can, kafin ya ankara kuɗi sun tafi. Kashe data kafin iyaka in tsarinka bai haɗa da ita ba. Masu layukan kiran gida masu araha su duba ko garaɓasar datarsu tana aiki a waje, ba duka ba ne.

Juya katin inshorar lafiyarka na gwamnati, irin na TK ko AOK. Shuɗin bayan nan shi ne katin lafiya na Turai, da shi za a duba ka a asibitin gwamnati in ciwo ya kama ka a hanya. Amma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, a ƙa'ida katin ba ya yi masa aiki a Denmak da Suwizalan. In can za ka, ko kuma inshorarka ta 'yan kasuwa ce, sayi inshorar tafiya. Ta shekara guda ba ta da tsada. Lambar gaggawa 112 ce a ko'ina.

6. Haɗa jaka

Jakar goyo ɗaya. Titunan tsofaffin garuruwa na duwatsu ne, matakalar gidajen Amstadam kuma a tsaye suke, akwati mai taya wahala ce. Kaya biyu, rigar ruwa maimakon laima domin iskar Holan karya laima take, takalmin da ka saba tafiya da shi, caja da batirin ko-ta-kwana, maganin da kake sha a kwalinsa, sallaya mai naɗewa, da 'yar gorar roba da za ta tsaya maka a matsayin buta. Mai zuwa Suwizalan ya sani cewa kan caja mai kauri na Jamus ba ya shiga soket ɗinsu, siririn mai baki biyu ne ke shiga.

Ɗauki hoton fasfo da katin zama ka tura wa kanka ta imel. Sauke tikiti da taswirar garin a waya tun kana gida. Ka faɗa wa mutum ɗaya inda za ka da ranar dawowarka.

Kada ka karɓi saƙon kowa a rufe. Mu mutane ne masu kara, in aka ce "don Allah miƙa wa wane" nauyin ƙi muke ji. Buɗe a gaban mai shi ka ga abin da ke ciki, in ya ƙi, ka ba shi haƙuri.

7. A kan iyaka

An ce babu iyaka a Shengen, amma tun 16 ga Satumban 2024 Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa, Holan ma ta fara nata a Disamban shekarar. Ba kowane jirgi ake dubawa ba, kuma an fi yi a hanyar dawowa. Jirgi zai tsaya a tashar farko ta cikin Jamus, jami'ai biyu ko uku su shigo ta ƙofa ɗaya, suna tafe a hankali suna duban fuskoki. Sau da yawa za su wuce mutum goma su tsaya a kanka. Abin da zafi, ba sai an faɗa ba, amma cikin jirgi ba wurin jayayya ba ne. Cire abin kunne, miƙa fasfo da katin a tare, kada ka bari sai an tambayi na biyun. In an ce daga ina, ina za ka, amsa a gajarce: daga Amstadam, hutu na je, ina zaune a Bon. Za su duba a na'ura su miƙo maka, minti biyu an gama. Shi ya sa takardun za su kasance a jikinka, ba a jakar da ka ɗora can sama a wani tarago ba.

8. Cikin gari

Da ka sauka a Amsterdam Centraal, in lokacin karɓar ɗaki bai yi ba, akwai akwatunan ajiya a tashar, da kati ake biya. Don hawa taram, bas, jirgin ƙarƙashin ƙasa har da jiragen NS, ba sai ka sayi tikiti ba: ɗora katin bankinka a kan na'urar in za ka shiga, ka sake ɗorawa in za ka fita. Wurare biyu ake kuskure. Na farko mantawa da ɗorawar fita, sai a cire maka fiye da kuɗin tafiyarka. Na biyu ɗora walat gaba ɗaya, na'urar ta kama wani kati a shiga, wani a fita. Zaro kati ɗaya ka riƙe shi har ka dawo. Kowane mutum kuma da nasa katin. Kati ɗaya ba ya biya wa mutum biyu.

Jan layin da ke gefen titi na masu keke ne. Kada ka tsaya a kansa kana duba taswira ko ɗaukar hoto. Ba sa rage gudu, ƙararrawa ɗaya za ka ji, sai mutum ya wuce ta gefen kafaɗarka da yara biyu a akwatin gaban kekensa. Dubi hagu da dama sau biyu: na keke, sannan na taram.

Kada ka cika wa kanka jadawali. Abu ɗaya babba da safe, ɗaya da yamma, sauran lokacin ka taka da ƙafa a bakin hanyoyin ruwa. Babban gidan tarihi na Rijksmuseum da gidan zanen Van Gogh da lokaci ake shiga, sayi tikiti ta intanet tun kana gida. Gidan Anne Frank, yarinyar nan Bayahudiya da ta ɓuya a can lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ta intanet kawai ake sayar da nasa, kuma makonni kafin ranar yake ƙarewa. Jiragen fito da ke bayan babbar tasha kyauta ne, hau ɗaya ka tsallaka ka ga garin daga kan ruwa.

Sallah ba za ta yi maka wuya ba. Akwai masallacin Fatih a titin Rozengracht, ba nisa da tsakiyar gari, da Westermoskee a yamma, da masallacin Taibah a unguwar Bijlmer, inda 'yan Gana da 'yan Najeriya suke da yawa kuma za ka sami shagunan kayan abincin gida. A Brussels babban masallaci yana cikin lambun Cinquantenaire, unguwar 'yan Afirka kuma ita ce Matongé. Tafiyar ta wuce nisan da ake ƙasaru, zamanka kuma bai kai kwana huɗu ba, don haka sauƙin da aka yi wa matafiyi ya hau kanka. In kana da shakka kan haɗa salloli, tambayi malaminka kafin ka tashi. Mai son ya sami Juma'a ya tsara jirginsa bayan an sauko, ya fi a ce tana riskarsa a hanya.

Abincin halal yana da yawa wurin Turkawa da 'yan Maroko da 'yan Surinam, musamman a titin Javastraat da kewayen kasuwar Dappermarkt. Abincin bakin babbar tasha da dandalin Dam tsada ne ba daɗi. Yi tafiyar minti goma ciki. Ruwan famfo na sha ne, cika gorarka.

Gargaɗi biyu a nan. Shagon da aka rubuta wa "coffeeshop" a Amstadam tabar wiwi ake sayarwa, har kek ɗin ciki da ita ake yi. Mai neman shayi ya nemi inda aka rubuta "café" ko "koffie". Tsallakowa da tabar wiwi zuwa Jamus laifi ne, duk da sassaucin da aka yi a dokar cikin gida ta Jamus a 2024. Sannan 'yan sane suna aiki a manyan tashoshi da cikin taram, haka ma a Brussels-Midi da Gare du Nord ta Paris. Jaka a gaba, fasfo a aljihun ciki. In ƙaddara ta faɗa ya ɓata, je ofishin 'yan sanda mafi kusa a ranar ka karɓi takardar rahoto, sannan ka tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasarku. Najeriya tana da nata a Hague da Brussels, Nijar a Brussels, amma ba sa buɗewa sai Litinin, don haka ka sanar da wurin aikinka da ofishin baƙi na garinku.

9. Dawowa ranar Lahadi

Kada ka ɗauki jirgin ƙarshe. Zaɓi wanda in an soke shi akwai biyu a bayansa, wato ka baro tsakanin ƙarfe uku da biyar na yamma. Ranakun ƙarshen mako ne ake yawan gyaran layin dogo, layin Amstadam da ya bi ta Emmerich zuwa Oberhausen ya daɗe ana aiki a kansa, jirage sukan sauya hanya ko a ce a sauka a hau bas. Duba manhaja daren Asabar, ka sake dubawa da safe. In tafiyarka ta faɗo Lahadin ƙarshe ta Maris ko ta Oktoba, a daren ne ake sauya agogo. A Maris awa ɗaya za ka rasa, kada ka dogara da agogon hannu.

A Brussels ka tabbatar da tashar da ke jikin tikitinka. Manyan tashoshi uku ne, kuma ICE a Midi da Nord yake tsayawa, ba ya tsayawa a Central.

Shagunan Jamus a rufe za ka tarar da su. Manyan shagunan Amstadam kuwa suna buɗewa ranar Lahadi, sayi burodi da madara da abin karin kumallon Litinin kafin ka hau. Mai dawowa daga Suwizalan ya tuna ita ba ta cikin Tarayyar Turai: tsarabar da ta haura Yuro 300 ta hanyar ƙasa sai an nuna wa kwastan.

In jirgi ya isar da kai a makare, kana da haƙƙin diyya: kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikitin in jinkirin ya kai minti 60, kashi 50 in ya kai minti 120, sai dai in dalilin irin su mummunan yanayi ne da ya fi ƙarfin kamfanin. In jinkirin ya sa babu sauran jirgin da zai kai ka gida a daren, je teburin bayanai na tashar kafin ka kashe kuɗinka, su ne za su ba ka takardar tasi ko ta otal. Ɗauki hoton allon da ke nuna jinkirin, ka ajiye duk rasit. Tikitin da aka saya ta DB Navigator a cikin manhajar ake neman diyyarsa: buɗe tafiyar, danna wurin neman diyya, sa lokacin da ka iso da lambar asusunka. Yi shi a cikin makon, tun kana tuna ƙarfe nawa jirgin ya tsaya.